Tsofaffin masu wutar jirgin yaƙi da gobarar kasuwanninmu

Idan tsohon sojan ruwa ya rasu a garuruwanmu, sanarwar ba ta wuce layi huɗu. Za a faɗi sunansa da shekarunsa, a ce ya yi fama da jinya, ya bar mata da 'ya'ya da jikoki, za a yi jana'iza bayan la'asar a ƙofar gidansa. In an yi masa kara sai a ƙara da cewa bayan ritaya ya buɗe ɗan shagon gyaran wuta. A wajen zaman makoki za a yabi haƙurinsa da riƙon jam'insa, kuma yabo ne da ya cancanta. Abin da ba a faɗa shi ne bawan Allahn nan ya yi shekara 30 ko 35 yana riƙe da wutar lantarki a wurin da ba a yafe kuskure, cikin jirgin ƙarfe a tsakiyar ruwan gishiri, kuma ya dawo da ransa da yatsunsa goma. A ganina ilimin da ke kan irin waɗannan mutane dukiyar jama'a ne. Da kuɗin jama'a aka koyar da su, amma mun zuba ido ilimin yana bin masu shi kabari, ga kasuwanninmu suna ci da wuta duk hunturu.

Mutanen Arewa da yawa suna ɗaukar sojan ruwa aikin mutanen bakin teku. Tun da aka kafa rundunar a 1956 'ya'yanmu suke cikinta, har wasu suka shugabance ta, irin su Murtala Nyako da Awwal Zubairu Gambo. A ƙarƙashin manyan da ake jin sunansu akwai ƙananan ma'aikatan da suka yi horo a Onne, suka koyi sana'a a kwalejin injiniyoyin rundunar da ke Sapele, suka yi rayuwarsu a ɗakin inji. Su ne suka riƙe wutar jiragen da suka sauke dakaru a Bonny da Kalaba a 1967, da waɗanda suka kai sojojin kiyaye zaman lafiya na ECOMOG Monrobiya a 1990. Wasunsu sun yi aiki a NNS Aradu, wanda aka ƙera a Hambug ta Jamus ya fara aiki a 1982. Na baya-bayan nan sun riƙe NNS Thunder da NNS Okpabana, tsofaffin jiragen tsaron gaɓar Amurka da aka ƙera tun shekarun 1960. Wanda ya iya raya wayoyin jirgi mai shekara 40 da ɗoriya, wayarin rumfar kasuwa ba zai gagare shi ba.

Sai an san yadda wutar jirgi take kafin a gane darajar mutumin. A gida, wayar nutural a haɗe take da ƙasa, saboda haka da zarar waya mai wuta ta taɓa ƙarfe, bireka ta faɗi, wuta ta ɗauke. A jirgi ba a son haka, don in wuta ta ɗauke wa injin sitiyari ko famfon kashe gobara lokacin da ake tsakiyar igiyar ruwa, an shiga uku. Shi ya sa yawancin jirage ke aiki da bolt 440 mai layi uku, kuma babu layin da aka haɗa da gangar jikin jirgin. Idan robar waya ɗaya ta huje ta taɓa ƙarfe, komai zai ci gaba da aiki kamar babu abin da ya faru. Haɗarin yana kan huji na biyu: ranar da wani layin daban ya taɓa ƙarfen, layuka biyu sun haɗu ke nan ta jikin jirgi, sai tartsatsi da gobara. A kan babban allon wuta akwai fitilu uku na gano wannan matsala. Layin da ya taɓa ƙarfe fitilarsa takan dushe, sauran biyun su ƙara haske. Mai wutar da ke kan aiki ba ya jiran gari ya waye. Zai bi bireka ɗaya bayan ɗaya yana kashewa yana duban fitilun har ya gano reshen da ke da laifi, kuma galibi a kicin ne ko ɗakin wanki ko fitilun saman jirgi da feshin gishiri ke duka.

Wannan tsari yana gina wa mutum wata ɗabi'a: neman matsala tun kafin ta nuna kanta. Mai wayarin da ya koyi aiki a gari yakan zo ne bayan abu ya ƙone. Na jirgi an horar da shi ya ɗauki na'urar Megger ya tura bolt 500 cikin wayar da aka kashe, ya auna ƙarfin robarta, ya rubuta a littafi da kwanan wata. Ƙasa da megom 1, wato om miliyan ɗaya a ma'aunin tirjiyar da ke hana wuta wucewa, ba a yarda da shi. Amma lambar yau kaɗai ba ta ishe shi ba. Idan motar lantarki, irin wadda ke juya famfo, ta nuna megom 200 a watan jiya, yau ta nuna 40, ya san danshi ko gishiri ko zafi ya fara cin ta ko da tana juyawa lafiya, sai ya sauke ta ya wanke ya busar. Haka kuma ba ya taɓa waya don wani ya ce masa an kashe. Zai kashe da hannunsa, ya rataya jan kati mai sunansa a kan makunnin, ya gwada testarsa a wurin da ya san akwai wuta, ya gwada wayar da zai taɓa, ya sake gwada testar don ya tabbatar ba ta mutu a tsakani ba. Littattafan horon sojan ruwan Amurka suna koyar da lissafin da ya sa ake wannan takatsantsan: miliamfiya 1, wato ɗaya bisa dubu na amfiya, ma'aunin yawan wutar da ke wucewa, jiki zai ji, 10 hannu zai maƙale ya kasa saki, 100 na iya tsayar da zuciya. Jikin da ya jiƙe da gumi tirjiyarsa na iya sauka zuwa om 300, don haka bolt 30 kacal ya isa ya tura miliamfiya 100 ɗin. A soket ɗin gidajenmu bolt 230 ne.

Yanzu a dubi inda muke. Kasuwar Sabon Gari ta Kano ta ƙone a Maris 2016. Babbar kasuwar Sakkwato ta ƙone a Janairu 2021, ta Katsina a Maris na shekarar, Kasuwar Monday ta Maiduguri a Fabrairu 2023. Kantin Kwari da Singa kuwa gobara ta zame musu baƙuwar da aka saba da ita. Ba kowace gobara ce ke tashi daga lantarki ba, akwai fetur ɗin janareta da gawayi da shara. Amma duk wanda ya taɓa ɗaga kai ya kalli saƙar wayoyin da ke saman layin kasuwa ya san inda kaso mai yawa ke fitowa. Mun yi imani da ƙaddara, kuma wanda ya ƙaddara shi ne ya umarce mu da riƙo da sababi. Sababan nan kuwa sanannu ne, ana iya auna su.

Na farko shi ne waya da ta yi wa kayanta ƙanƙanta. Wayar jan ƙarfe mai kaurin murabba'in milimita 2.5 a cikin bututu tana ɗaukar kusan amfiya 24, amma wannan lissafin na wurin da zafinsa digiri 30 ne. A ƙarƙashin kwanon kasuwa a watan Afrilu, inda zafi ke kai digiri 45, sai an ninka da 0.79. Idan kuma an cusa layuka uku a bututu ɗaya, a sake ninkawa da 0.70. Abin da ya rage kusan amfiya 13 ne kacal. Sai ka tarar an sa wa wannan wayar bireka mai amfiya 32, an jona firiza biyu da hita da dutsen guga. Birekar ba za ta faɗi ba, don a wajenta komai daidai ne, wayar ce ke dahuwa a hankali har robarta ta bushe ta farfashe. Abin ya fi muni idan wayar jabu ce, alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe a baya. Alminiyam kusan kashi 78 cikin 100 na abin da jan ƙarfe mai kauri ɗaya da shi ke ɗauka yake iya ɗauka. Gane ta ba wuya: a kankare bakin wayar da wuƙa, in fari ya bayyana a ciki an gama magana, kuma naɗin yadi 100 nata ya fi na gaske sauƙin ɗauka nesa ba kusa ba.

Na biyu, kuma shi ne ya fi ba ni tsoro, haɗin da bai ɗauru ba. An murɗa waya biyu da filaya, an naɗe da baƙin tef, an tura cikin silin. Ko kuma noti a bayan soket ya saki. Idan tirjiyar wannan haɗin ta kai rabin om kawai, amfiya 15 na bi ta ciki, zafin da ke fita a wurin ya haura wat 110, duk a wuri kamar kan ɗan yatsa, a jikin katako ko kusa da dilar atamfa. Babu fis ko birekar da ke ganin wannan, domin wutar da ke wucewa ba ta wuce ƙima ba. Mai wutar jirgi ya san wannan ciwo sarai, saboda girgizar inji tana kwance noti kullum, kuma bin allo da sukudireba ana ƙara ɗaure kowane haɗi yana cikin aikinsa na yau da gobe. Yana gane haɗi mai zafi da canjin launin roba da warinta tun kafin ya kawo na'ura.

Na uku shi ne abin da mutane ke kira an kawo wuta da ƙarfi. Sau da yawa wayar nutural ce ta tsinke ko aka sace ta a wajen taransifoma. Idan haka ta faru a layi uku, shagunan da ke kan layin da ba shi da kaya da yawa sai wutarsu ta haura ta doshi bolt 400, caja da talabijin da fanka su kama hayaƙi. In da rana ne za a gani a kashe. In da ƙarfe biyun dare aka dawo da wuta, kasuwa a kulle, sai dai labari. Maganinsa ba tsada: babban makunni ɗaya a bakin kowane layin kasuwa wanda mai gadi zai kashe in an tashi, da na'urar da ke yanke wuta da kanta idan ta haura misalin bolt 250. Masu firiza da ke buƙatar wutar dare a ware musu layinsu daban da wayar da ta dace.

Ga kuma sabon baƙo, sola da inbata. Mutane suna raina batir don bolt 24 ne, ba ya jan mutum. To inbata mai ba da wat 2,400 daga batirin bolt 24 tana zuƙar amfiya 100 ko fiye, wanda ke buƙatar waya mai kauri 25 zuwa 35 da fis a dab da kan batirin. Ana haɗawa da waya mai kauri 10 ba fis, a ajiye a ƙarƙashin kanta. Batirin ruwa kuma yana fitar da iskar haidurojin lokacin caji, wadda ke kamawa da wuta in ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar ɗaki. Ɗakin batir na jirgi da mafitar iskarsa ake gina shi, kuma duk wanda ya yi aiki a ciki ba zai yarda a kulle batir huɗu a shago marar taga ba. Haka batun janareta: wanda ya jona janaretansa kai tsaye ba tare da makunnin canji ba, wutarsa na komawa kan layi, taransifoma ta ɗaga ta zuwa bolt 11,000, ta sami ma'aikacin da ke kan falwaya yana ganin an kashe layi.

Shawarata ga ƙungiyoyin 'yan kasuwa da gwamnatocin jihohi ita ce su nemo waɗannan tsofaffi ta hannun ƙungiyar tsofaffin sojoji, wadda ke da rassa a jihohi, su ba su aikin duba wutar kasuwa a kowace shekara kafin hunturu ya shigo, wato a Oktoba. A ba kowane tsoho matasa uku ko huɗu da layukan da zai riƙe. Aikin a fili yake. A kashe layi, a auna robar wayoyi da Megger, a rubuta. A buɗe kowane allo a ɗaure noti, a cire duk fis ɗin da aka maye gurbinsa da guntun waya ko ƙusa. A dawo da wuta, a sa mita mai baki a auna abin da kowane layi ke ja lokacin da kasuwa ta cika, a gwada da kaurin wayar da girman birekarta. A sa na'urar kare rai mai miliamfiya 30 a kan soket, a danna maɓallin gwajinta a ga ta faɗi nan take. A auna sandar atin, wato ƙarfen da ake binnewa don zubar da wutar da ta ɓalle cikin ƙasa, kuma a sake aunawa a tsakiyar rani, don lokacin ne ƙasa ke bushewa tirjiyarta ta hau. A nan ma akwai gyara: gishirin da ake zubawa a ramin atin yana ba da lamba mai kyau ranar farko, amma yana cin sandar, bayan 'yan shekaru sai a tarar waya ce kawai a binne. Shagon da ya ci jarrabawa a manna masa takarda mai kwanan wata, wanda ya faɗi a ba shi mako biyu, in bai gyara ba a cire shi daga layi. Littafin kowane layi ya zauna a ofishin kasuwa, don baɗi a gwada da bana.

Na san abin da za a ce. Za a ce wutar jirgi daban, ta gida daban, kuma gaskiya ne. Jirgi yana kan bugu 60 a daƙiƙa, namu 50. Tsarin atin ɗinsu ba ɗaya ba ne, kuma akwai ƙa'idojin wayarin gini da wanda ya yi rayuwarsa a teku bai saba da su ba. Wannan gibi ne na 'yan makonni a aji. Abin da ke ɗaukar shekaru kafin ya zauna a jikin mutum, wato aunawa kafin taɓawa da rubutawa bayan aunawa, yana da shi tuni. Za a kuma ce akwai hukumar NEMSA da doka ta ɗora wa duba wayarin da ba masu sana'ar lasisi tun 2015. Haka ne, kuma ba a ce a ƙwace mata aiki ba. Amma babu hukumar tarayya da ke da ma'aikatan da za su shiga kowace rumfa a Kantin Kwari duk shekara. Ita ta horar da su a kan ƙa'idojin gini, ta jarraba su, ta ba su lasisi, su yi aiki a ƙarƙashin idonta. Dokar wutar lantarki ta 2023 ma ta buɗe wa jihohi ƙofar tsara harkar wutarsu. Masu cewa za a tare wa matasa hanyar abinci kuwa, dattijo mai shekara 60 ba zai hau tsani ba. Matasan ne za su hau, shi yana ƙasa yana karɓar lamba yana tambayar dalili, kuma bayan shekara biyu a hannunsa sun zama masu wayarin da za a iya ba amanar asibiti.

Inda muke asararsu shi ne ranar sallama. Cibiyar da ke Oshodi a Legas tana ba sojoji masu shirin ritaya horon sana'a na wasu watanni, kuma abu ne mai kyau ga wanda bai da sana'a. Amma wanda ya shekara 30 yana haɗa janareta biyu su yi aiki tare, yana kallon allurar na'ura tana juyawa a hankali ya rufe bireka dab da ta kai tsakiya, ba kiwon kaji ya kamata a koya masa ba. Abin da yake buƙata takarda ce da farar hula za su gane. Hukumar ilimin fasaha ta NBTE da ke Kaduna tana da tsarin tantance ƙwarewar da mutum ya samu a wajen aiki ta ba shi shaida. Kamata ya yi rundunar ta haɗa kai da ita da NEMSA, duk mai wutar da zai fita ya fita da lasisinsa a hannu tare da takardar sallama. Kwalejojin fasaha na jihohi, waɗanda da yawansu ke da ɗakin gwaji ba mai koyarwa, su ɗauke su ko da kwana biyu a mako. Abin da muka sha gani shi ne tsofaffin sojoji suna zaman dirshan a ƙofar ma'aikatar kuɗi a Abuja suna neman haƙƙinsu, sai ranar 15 ga Janairu, ranar tunawa da mazan jiya, a ajiye furanni a yi fareti a watse.

Akwai kuma bashin da ke kanmu game da lafiyarsu, don ba ilimi kaɗai suka dawo da shi daga teku ba. Ƙarar ɗakin inji tana haura desibel 100, alhali 85 ne iyakar da ake ɗauka jiki zai jure na awa 8. Shi ya sa da yawansu ke ɗaga murya in suna magana, iyali su ɗauka faɗa ne ko halin soja, nan kuwa kunne ne ya tafi. Gwajin ji da na'urar kunne ya kamata su shiga cikin abin da inshorar lafiyar tsofaffin sojoji ke biya ba tare da dogon zirga-zirga ba.

Wanda ya fi wannan nauyi shi ne asbestos. Jiragen da aka ƙera kafin shekarun 1980 an yi amfani da shi sosai wajen naɗe bututun zafi, da cikin allunan wuta, da rufin wasu wayoyi, kuma sai a Janairu 2011 dokar jiragen ruwa ta duniya ta hana sa shi gaba ɗaya a jiragen kasuwanci. Mai wuta yana huda shi, yana yanka shi, yana shaƙar ƙurarsa a wuri marar iska. Cutar da yake jawowa, ko tabon huhu ko sankarar fatar da ke lulluɓe da huhu, ba ta bayyana sai bayan shekara 20 zuwa 50, lokacin da mutum ya daɗe da ajiye kaki. Alamunta numfashi sama-sama, ciwon ƙirji a gefe ɗaya, rama, da taruwar ruwa a ƙirji, kuma a ƙasar da tarin fuka ya yi yawa abu ne mai sauƙi a ɗora mutum kan maganin tarin fuka na wata shida alhali ba shi ba ne. Don haka iyalan da ke da irin wannan dattijo a gida su zauna da shi tun yana da ƙarfi, su rubuta sunan kowane jirgi da ya yi aiki a ciki, daga wace shekara zuwa wace, a wane ɗaki, da ko ya yi aiki a tashar gyaran jirage lokacin da ake kwance tsohon naɗi. A ajiye takardar tare da ta sallama. In ya fara haki ko tari ya ƙi ƙarewa, a nuna wa likita ita tun zuwan farko, a nemi hoton ƙirji, in an ga ruwa a nemi a ɗiba a gwada. In yana shan taba a taimaka masa ya bari, domin taba da asbestos in sun haɗu haɗarin sankarar huhu yana ninkuwa sau da yawa. Uwargidan da ta shekara tana kakkaɓe kayan aikinsa kafin ta wanke, ita ma a faɗa wa likita, don ƙurar tana bin tufafi har gida.